Tausar Hanyar Huhu a Tibbin Mutanen Sin: Fa'idarta da Haddinta

Lacca da aka gabatar a Matameye, jihar Damagaram

 

 

Mas'alar da aka ɗora mini in yi bayani a kanta yau ta taso ne daga ƙasa mai nisan gaske, amma lokacin da aka zaɓa domin a tattauna ta ya mai da ita ta gida, gama ga shi hunturu ya kankama, iskar gabas ta kwaso ƙura tun daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta shimfiɗa mana ita a bisa gawo da rumbu da rufin ɗaki, har ya zamana duk wanda ya tsaya sallar asuba a Matameye, ko Kance, ko Ɗan Barto, zai ji tarin mamu yana neman rinjayar karatun liman. Mas'alar kuwa ita ce wata tausa da mutanen Sin suke yi wa kansu da hannunsu, daga ƙirji zuwa babban yatsa, bisa wata hanya da hakimansu suke kira hanyar huhu, suna masu cewa tana buɗe numfashi, tana kuma rage wa mutum nauyin baƙin ciki. Ra'ayina a kanta, tun da fari, shi ne abu ce mai amfani wadda ba ta cin kuɗi, kuma ina so a koye ta a gidajenmu. Amma tana da haddi, wanda duk ya ƙetare shi yana iya rasa ɗansa a kan abin da maganinsa yake nan a gidan likita.

Tibbin Sin ba baƙo ne gare mu ba kamar yadda wasu suke zato. Tun shekarar 1976 lardin Guangxi yake aiko da tawagar likitoci zuwa Nijar, sun yi aiki a Yamai da Maraɗi da Damagaram, kuma a cikinsu akwai masu soka siraran allurai a jiki domin ciwon baya da gaɓoɓi, abin da dattawa da yawa suka gani da idonsu. Tun kafin wannan da ƙarnoni, a shekarar 1313, wazirin nan Rashiduddin na birnin Tabriz ya sa an juya wasu littattafan likitancin Sin zuwa harshen Farisa, ke nan malaman Musulunci sun daɗe da leƙa wannan fage. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne wayar hannu, wadda take kawo wa yaro ɗan sakandare hoton wani yana murza wuyan hannunsa da alkawarin wai tari zai tafi cikin minti uku, ba tare da malami ko sharhi ba. Wannan sharhin da waya ta bari shi nake so in cike.

Asalin bayanin yana cikin wani littafi da ake kira Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa fiye da shekara 2,000 da suka wuce, a zamanin daular Han, aka tsara shi a matsayin tambaya da amsa tsakanin wani sarki na dauri da hakimansa. A fahimtar masu littafin, akwai wani ƙarfi da suke kira chi, wanda yake samuwa daga iskar da aka shaƙa da abincin da aka ci, yana kewaya jiki ta manyan hanyoyi goma sha biyu, kowace hanya tana jingine da wata gaɓa ta ciki, kamar zuciya ko hanta ko ƙoda. Mai noman rake a fadamun ƙasar nan zai fi kowa saurin gane nufinsu, domin ya san idan ruwa ya bi magudana sosai kowane fangali yana sha, idan kuwa ƙasa ta zube ta toshe wani wuri, sai wani sashe ya yi ambaliya wani ya bushe, kuma gyaran bai wuce a sa hannu a buɗe toshiyar ba. Haka suka ɗauki cuta, haka kuma suka ɗauki magani, ko da allura, ko da ɗumi, ko da yatsa.

Sun ba huhu daraja babba a cikin wannan tsari. Zuciya ce sarki a wurinsu, huhu kuwa waziri ne wanda yake daidaita tafiyar mulki, daga gare shi ne kewayen chi yake farawa, shi ne yake kula da fata da gashin jiki, ƙofarsa kuwa hanci. Suka ce gaɓa ce mai rauni wadda ba ta son bushewa, suka haɗa ta da lokacin da ganye yake zuba bayan zafi ya wuce, suka kuma haɗa ta da baƙin ciki da makoki, kamar yadda suka haɗa hanta da fushi, ƙoda da tsoro. Ba su bar wannan ilimi a baki kawai ba. A zamanin daular Tang, wadda ta yi daidai da farkon Musulunci da zamanin Umayyawa da Abbasiyawa na farko, makarantar likitanci ta fada tana da sashe na musamman domin tausa, da malaminsa da almajiransa. A shekarar 1027 kuma wani likita mai suna Wang Weiyi ya sa an zuba mutum-mutumin tagulla mai tsawon mutum, aka huda masa ƙananan ramuka a duk gurbin da ake sa allura, kuma an ruwaito cewa ranar jarrabawa sai a shafe shi da kakin zuma a cika cikinsa da ruwa, ɗalibi ya soka allura, idan ruwa ya ɗigo ya dace da gurbi, idan bai ɗigo ba ya koma karatu. Mutanen da suka yi wannan ba masu wasa da ilimi ba ne, ko da za mu saɓa musu a wani abu.

Yanzu ina roƙon kowa ya miƙe hannunsa na hagu, tafin yana kallon sama, mu bi hanyar tare, gama gani ya kori ji.

Sun ce hanyar tana farawa a cikin ciki, ta gangara ga babban hanji, ta juyo ta hau ta ratsa huhu da maƙogwaro, sa'an nan ta ɓullo waje a saman ƙirji. Ku sa yatsun dama a kan ƙashin nan da ya gitta daga gindin wuya zuwa kafaɗa, ku bi shi har kusa da kafaɗa, za ku ji wani ɗan kwarmi a ƙarƙashinsa. Ku sauko ƙasa da kwarmin da faɗin babban yatsa ɗaya, nan ne gurbi na farko, sunansa Zhongfu, kuma da yawanku za ku ji yana da ɗan tsami in an danna, musamman masu ɗaukar kaya da mata masu daka. Daga nan hanyar ta bi gaban damtse ta gefen waje, ta sauko lanƙwasar gwiwar hannu, inda idan kun ɗan tanƙwara hannu za ku ji wata jijiya mai tauri ta miƙe a tsakiya. Ramin da yake gefenta ta wajen babban yatsa shi ne Chize, wanda suke dannawa domin tari mai kaki. Sai ta bi sangalin hannu har kusa da wuyan hannu. Akwai dabarar da suke koya wa yara domin gane gurbi na bakwai, wato Lieque: ka sarƙa tsakanin babban yatsa da manuniya na hannu ɗaya da na ɗayan, ka kwantar da manuniya a kan ƙashin da ya ɗan taso a gefen wuyan hannu, inda bakin yatsan ya tsaya nan ne, kuma shi ne suka fi ambata ga mura da ciwon kai da sanƙarewar wuya. Ƙasa da shi, a kan layin wuyan hannu, daidai inda likita yake ɗora yatsu ya ji bugun jini, akwai Taiyuan. Sai tudun naman nan na gindin babban yatsa, inda farin tafi ya haɗu da fatar bayan hannu, wato Yuji. Ƙarshenta kuwa a kusurwar farcen babban yatsa ne ta gefen waje, gurbin da suke kira Shaoshang. Gurabe goma sha ɗaya ne a kowane hannu, na ambaci shida da aka fi amfani da su, sauran suna kan layin, wanda ya shafi layin duka ya taɓa su.

Yadda ake yi ba wuya. Mutum ya zauna a inda iska ba ta buga shi, ya miƙe bayansa, ya murza tafukansa har su yi ɗumi, in fatarsa ta yi kaushi saboda hunturu ya ɗan shafa man kaɗanya ko man gyaɗa. Ya fara da ƙirji, yana murza Zhongfu a kewaye da yatsu uku kamar minti ɗaya, da ƙarfin da zai ji amma ba wanda zai sa ya yamutsa fuska ba. Sa'an nan ya shafo da tafi daga kafaɗa zuwa bakin babban yatsa a hankali, sau da yawa, kullum daga sama zuwa ƙasa, yana tsayawa a gwiwar hannu da wuyan hannu da gindin yatsa yana dannawa da babban yatsan ɗaya hannun. A wurin bugun jini a sassauta, kada a matse jijiya. Ya gama hagu ya koma dama. Duk wannan yana yi ne numfashinsa na shiga ta hanci, cikinsa na tasowa, yana fitar da shi a hankali ta leɓɓa a tsuke, fitar ta fi shigar tsawo. Ba a yi a kan miki, ko ƙuna, ko kumburi, ko karaya, kuma mai ciki ta bar naman da yake tsakanin babban yatsa da manuniya ta bayan hannu, domin littattafansu da kansu sun hana ta danna shi.

To, nan ne ya wajaba mu shiga tahƙiƙi, domin ɗalibi mai hankali zai tambaya, shin wannan hanya tana nan a jiki kamar yadda jijiyar jini take nan? Amsar gaskiya ita ce masu fiɗar jikin ɗan Adam, da wuƙa da madubin ƙara girma da na'urorin ɗaukar hoton ciki, sun ga jijiyoyin jini, sun ga jijiyoyin ji da motsi, sun ga tsoka da tantani, amma ba su ga wata magudana da ta taso daga huhu ta nufi babban yatsa ba. Faɗin haka ba raini ne ga magabatan Sin ba, gama gyaran magabata sunna ce ta masu ilimi a kowace al'umma. Malamanmu sun gaji tibbin Jalinusa, Ibn Sina ya tsara shi a cikin Al-Ƙanun, duniya ta yi ta karantawa, amma da Ibn Nafis, wanda ya rasu a Alƙahira a 1288, ya duba maganar da suka yi cewa jini yana ƙetarawa daga dama zuwa hagu ta wasu ƙofofi a bangon zuciya, bai ji nauyin cewa babu waɗannan ƙofofi ba, jinin ta huhu yake bi ya haɗu da iska ya komo. A Sin ma an yi Wang Qingren, wanda ya riƙa zuwa maƙabarta lokacin annoba yana duban cikin gawarwaki, har a 1830 ya fitar da littafi domin gyara kurakuran da ya gani a siffar kayan ciki da magabatansa suka zana.

Kuma a cikin tibbin Sin ɗin nan akwai abin da aka ɗora a kan sikeli ya yi nauyi har duniya ta sallama. Malama Tu Youyou ta bi wani tsohon littafi na Ge Hong, mutumin ƙarni na huɗu, ta tatso sinadarin artemisinin daga wani tsiro dangin tazargade, wanda shi ne yau ƙashin bayan maganin zazzaɓin cizon sauro da ake ba 'ya'yanmu kowace damina, aka ba ta lambar Nobel a 2015. Ke nan tsufan magana ba ya tabbatar da ita, ba ya kuma rushe ta. Gwaji ne alƙali.

Bari in kawo muku gwaji ɗaya, wanda a ganina ya isa a rataye wannan lacca duka a kansa. A shekarar 2011 wasu likitoci a birnin Boston na Amurka suka buga sakamakon binciken da suka yi da masu ciwon asma. Kowane majinyaci ya riƙa zuwa ana yi masa ɗayan abu huɗu bi da bi: wata rana a ba shi maganin shaƙa na gaskiya, irin wanda muka sani da sunan Ventoline, wata rana a ba shi abin shaƙa wanda babu magani a cikinsa, wata rana a yi masa kwaikwayon allurar Sin, wadda ba ta huda fata, wata rana kuwa a bar shi zaune ba a yi masa kome ba. Bayan kowanne sai a yi awo biyu, a tambaye shi yadda ya ji, a kuma sa ya busa iska cikin na'ura mai auna yawan abin da huhu ya iya fitarwa. Da aka tambayi bakinsu, sauƙin da suka ce sun samu ya kai kashi 50 cikin ɗari da maganin gaskiya, 45 da abin shaƙa na banza, 46 da kwaikwayon allura, 21 kuwa ranar da ba a yi kome ba. Wato ukun farko kusan kunnen doki. Da aka tambayi na'ura, sai ta ce maganin gaskiya ya ƙara iskar da kashi 20 cikin ɗari, sauran ukun duka kuwa kamar kashi 7 kawai. Lalle ba tausa aka gwada a nan ba, amma darasin ya hau kanta daram: mutum yana iya jin ƙirjinsa ya saki da gaske, ba ƙarya yake yi ba, alhali hanyoyin iskar da ke cikin huhunsa suna nan a tsuke yadda suke. Wannan sauƙin ni'ima ce ga wanda damuwa ta riƙe wa numfashi, amma tarko ne ga wanda huhunsa yake rufewa, domin zai sa ya zauna a gida lokacin da ya kamata a ce yana kan hanya.

Mene ne, to, tausar take yi haƙiƙatan? Abin da nake da yaƙini a kansa shi ne wannan. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti, idan tsoro ko damuwa suka kama shi sai numfashin ya koma sama-sama, yana ja da kafaɗa da wuya maimakon ciki, tsokokin saman ƙirji su ɗaure, shi kuma ya ji kamar an ɗora masa dutse, jin hakan ya ƙara masa tsoro, tsoron ya ƙara ɗaure ƙirjin. Gurbin Zhongfu yana bisa waɗannan tsokoki ne daidai, murza su yana sassauta su, kuma wanda ya zauna minti goma yana bin hannunsa da tafi a hankali, dole numfashinsa ya bi saurin hannun ya ragu, kuma sananne ne ga likitoci cewa jinkirta numfashi, musamman tsawaita fitarsa, yana rage bugun zuciya ya kwantar da jiki. Hakiman Sin sun kuma ce lokacin huhu shi ne daga ƙarfe uku zuwa biyar na dare, kuma duk uwar da ta yi jinyar mai asma ta san a daidai wannan lokaci, gabanin kiran assalatu, ciwon ya fi tashi. Likitocin yau sun tabbatar da haka, sai dai sun danganta shi ga yadda sinadaran jiki suke hawa da sauka tsakanin dare da rana. Sau da yawa idonsu ya ga daidai, bayanin sababin ne ya zo da ma'aunin zamaninsu da ƙasarsu. Ku duba ma yadda suka haɗa lokacin girbi da baƙin ciki saboda a wurinsu sanyi mai kashe ganye ne yake biyo baya, alhali a wurinmu kaka lokacin cikar rumbu ne da ɗaurin aure.

Game da baƙin ciki nake so in ɗan daɗe, domin a nan ne nake ganin tausar ta fi amfani, a nan ne kuma muka fi sakaci. Mu mutane ne masu kunya da kawaici, muna yabon wanda aka yi wa rasuwa bai zubar da hawaye a gaban jama'a ba, kuma haƙuri ibada ne babu shakka. Amma haƙuri bai hana jiki ɗaukar nauyinsa ba. Annabi Yaƙubu, tsira da aminci su tabbata a gare shi, baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya taɓa ganinsa, kuma malaman sira sun sa wa shekarar da Nana Hadiza da Abu Ɗalib suka rasu sunan shekarar baƙin ciki. Ya tabbata a cikin ingantattun littattafan hadisi cewa Nana A'isha takan sa a dama talbina, wani kunu na garin sha'ir, a ba waɗanda aka yi wa mutuwa bayan masu gaisuwa sun watse, ke nan an san zuciyar mai makoki ana lallashinta ta hanyar jiki. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta littafi a kan maslahar jiki da ta rai tare, ya rarrabe baƙin cikin da aka san sababinsa, kamar rashin masoyi ko dukiya, da wanda yake saukar wa mutum ba dalili ya hana shi jin daɗin kome, ya ce na biyun yana bukatar maganin likita.

Ku dubi halin mace mai takaba a garuruwanmu. Kwana uku na farko gida cike yake, ana ta shigowa da ƙwarya da kwano, bayan sadakar bakwai sai ƙafa ta ɗauke, bayan arba'in kuwa kowa ya koma harkarsa, ita kuma saura mata wajen wata uku a ɗaki, ga marayu, ga tunanin abin da za a ci. Irin wannan baiwar Allah za ka ji tana yawan ajiyar zuciya, tana cewa ƙirjinta ya yi mata nauyi, barci ba ya zuwa sai gab da asuba, in an tambaye ta sai ta ce sanyi ne. Da 'yarta ko ƙanwarta za ta zauna kusa da ita bayan sallar isha'i, ta kama hannunta ta ɗora a cinya, ta shafa mai, ta bi shi tun daga kafaɗa har yatsa a hankali, ba tare da ta cika ta da wa'azi ba, na tabbata da yawa daga cikin maganar da ta maƙale a maƙogwaro za ta fito, kukan da aka haɗiye a gaban baƙi ya samu hanya. Mu da muke da tausa tun kaka da kakanni, jika yana taka bayan kakansa, ungozoma tana gasa jikin mai jego, ba mu bukatar a koya mana darajar hannu. Abin da na Sin ya ƙara mana shi ne tsari, inda za a fara da inda za a tsaya, da kuma cewa mutum yana iya yi wa kansa idan babu kowa kusa, wanda hakan ya kawar da mas'alar taɓa wanda ba muharrami ba. Amma idan watanni suka shuɗe mutum ya daina ci, ya daina wanka, ya daina kula da 'ya'yansa, ko ya fara cewa gara ya mutu ya huta, to wannan shi ne kashi na biyu da al-Balkhi ya faɗa, a kai shi ga likita, kada a tsaya ana cewa iska ce.

Wani malami ya taɓa tambayata ko aiki da wannan bai taɓa aƙida ba, tunda masu shi ba Musulmi ba ne. Hukunci na malamai ne, ga su nan zaune, sun fi ni sani. Abin da zan iya shaidawa shi ne babu kiran sunan wani abin bauta a cikinta, babu tsafi, babu yanka. Ra'ayi ne na likitoci game da yadda jiki yake aiki, kamar ra'ayin ɗabi'u huɗu, zafi da sanyi da danshi da bushewa, wanda malamanmu suka karɓa daga Yunanawa suka yi aiki da shi, har Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da Malam Abdullahi na Gwandu suka yi rubuce-rubuce a fannin tibbi. Sababi ne cikin sabubba, waraka kuwa ta Allah ce.

Saura haddin da na yi alkawari, kuma ina roƙon iyayena mata su ba ni kunnuwansu. Littattafan Sin sun ce gurbin Shaoshang, na gefen farce, maganin ciwon maƙogwaro ne, har sukan tsaga shi jini ya ɗan fita, aikin da kowane wanzami zai ga ya saba da irinsa. Mutanen wannan gari kuwa ba su manta da 2023 ba, shekarar da mashaƙo ya shigo yankin Matameye ya ɗauki yara, har aka fito da gangamin rigakafi. Yaron da maƙogwaronsa ya yi ciwo, wuyansa ya kumbura, aka leƙa aka ga wani farin tantani mai duhu-duhu ya lulluɓe ciki, babu gurbin da za a danna, babu belin da za a cire, da zai hana tantanin nan toshe masa iska ko dafin cutar ya taɓa zuciyarsa. Maganinsa allura ce a asibiti a ranar, kariyarsa kuwa rigakafin da ake yi wa jariri a sati 6 da 10 da 14.

Haka ciwon haƙarƙari na yara, wanda yake cikin manyan masu kashe 'yan ƙasa da shekara biyar a duniya, kuma hunturu ne kasuwarsa. Alamarsa tana hannun kowace uwa. Idan yaro yana tari, a bari ya natsu, a ɗage rigarsa, a sa agogon waya, a ƙirga sau nawa cikinsa ya taso a minti ɗaya cikakke. Jariri da bai kai wata 2 ba, in ya kai 60. Daga wata 2 zuwa shekara ɗaya, in ya kai 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, in ya kai 40, to numfashinsa ya yi sauri, a tafi gidan likita. In kuwa aka ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja iska, ko ya kasa kama nono, ko leɓɓansa sun sauya launi, to ko tsakar dare ne a nemi mai babur. Tun 2006 dokar ƙasar nan ta yafe kuɗin jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar, ko da yake kowa ya san wani lokaci akan tarar magani ya yanke sai an saya, amma amoksisilin na kwana kaɗan bai kai kuɗin ragon sadaka ba. Babba kuma da ya yi tari ya wuce sati biyu, yana zufar dare, yana ramewa, ko ya ga jini a kakinsa, ya kai kakin a auna, gama tarin fuka yana warkewa da maganin wata shida in an sha shi bai yanke ba, wanda ya tsaya tausa kuwa yana nan yana rabawa iyalinsa cutar a ɗaki ɗaya. Mai asma ya yi tausarsa da safe da dare, zai ji daɗinta, amma abin shaƙarsa ya kasance a aljihu.

Akwai kuma abin da ya fi ƙurar Bodele cin huhun matanmu, shi ne hayaƙin kara da ɗanyen itace a madafa marar taga, da garwashin da ake shiga da shi ɗaki a rufe ƙofa saboda sanyi, goyo yana baya yana shaƙa tare da uwarsa. Maigidan da ya fasa taga a madafa, ko ya kafa rumfa a fitar da murhu waje, ya yi wa huhun gidansa abin da tausar shekara ba za ta yi ba.

Roƙona na musamman yana ga wanzamai da ungozomomi, domin ku ne ake fara kira kafin a tuna da likita, kuma hannunku mutane suka yarda da shi. Ku koyi wannan tausa ku ƙara a kan wadda kuka gada, ku koya wa masu jego da masu takaba da tsofaffin da sanyi ya ɗaure wa ƙirji. Amma duk gidan da aka kira ku domin yaro mai tari, kafin ku buɗe zabira ku ɗage rigarsa ku ƙirga numfashinsa, in lissafin ya kai abin da na faɗa, ku ne za ku ce wa uban ya tashi, domin daga bakinku zai fi saurin ji. Ma'aikatan lafiya da suke tare da mu sun yarda su tsaya bayan an tashi, su nuna wa duk mai so yadda ake ƙirgawar a kan agogo.